Wankan Jegon Vivian

A gidan hayar da muke zaune a unguwar Kudenda ta Kaduna ba a tambaya ko an haihu. Da ka ga an girka babbar tukunya a bayan ɗakuna, ganyen darbejiya na tafasa, to wata ta sauka lafiya, kuma za a yi ta gasa ta da ruwan zafi safe da yamma har ta yi arba'in. Ni Rhoda, wadda ake kira Maman Joshua, na sha wannan wanka a kan kowane ɗa da na haifa, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, azaba ce. Sai dai irin azabar da mace ke fitowa daga cikinta tana taku ɗaiɗai, tana amsa gaisuwa da ƙyar don a san ta yi aiki.

Vivian, wadda ƙofarta ke kallon tawa, ba ta taɓa sha ba. Ta haura shekara goma tana auren Shekari, ma'aikaci a ɗaya daga masana'antun unguwar, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Amma duk wadda ta haihu a gidan nan, Vivian ce mai faskare, ita ce mai ɗibar ruwa, ita ce mai hura wuta. In an ɗauki tukunya an shiga banɗaki da mai jego, sai ta koma ta zauna a bakin murhu tana tura itace. Sau da yawa na so in ce mata ta bari haka nan, amma ban san da wane baki zan faɗa ba.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Kaduna yana ganin kamar an buɗe sabon shafi. Masu neman aiki suka goge takalma, masu neman kwangila suka ɗinka babbar riga. Shi kuwa Shekari sai ya sayar da filinsa na Gonin Gora, wanda ya daɗe yana mafarkin ginawa, ya fara kai matarsa wani asibiti a Abuja. A can likitoci ke ɗaukar ƙwan mace da maniyyin mijinta su haɗa a waje, in ya kama su mayar mata cikin mahaifa. Mutanen gari suna ce wa irin wannan ɗan kwalba, kuma ba da daɗin baki suke faɗa ba. Saboda haka suka ce wa kowa kwas Shekari yake zuwa, ita kuma rakiya take yi.

Ni kaɗai na sani, ni ma ba don sun so ba. Alluran da ake yi mata sai an ajiye su a sanyi, kuma ni ce mai firiji a gidan, don ina sayar da zoɓo da kunun zaƙi. Haka maganin Vivian ya zauna a bayan gorunan zoɓona, a ƙulle cikin baƙar leda. In an ɗauke wuta, ni da ita muke tseren neman ƙanƙara a unguwar Television kamar waɗanda ake bi.

Karon farko bai kama ba. Na biyu ya kama. Ranar da ciki ya fito fili, matan ƙungiyar Zumunta ta cocinmu suka kusa rusa coci da rawa. Aka miƙa mata lasifika ta ba da shaida, ta ce, "Ubangiji ya yi," ta zauna. Ba ƙarya ta yi ba, rage zance kawai ta yi.

Cikin yana wata shida ƙaiƙayi ya fara mata a kewayen cibiya. Muka ce ai fata ce ke buɗewa, muka ba ta man kaɗanya. Kafin wani lokaci wurin ya yi jajaja, ya bazu zuwa ƙirji da baya da cinyoyi, sannan ya fara durar ruwa, ƙuraje manya manya kamar wadda mai ya fallatsa wa. Ta daina barci. Ta yanke farce har ya kusa jini don kada ta yaga jikinta. Fuskarta kaɗai ciwon ya bari, sai ta koma sa doguwar riga mai dogon hannu ko da rana ta take.

Amma gidan haya ba ya riƙe sirri. Wata ta hango hannunta a bakin famfo, kafin yamma an gama yi mata fassara. Masu cewa ƙarambau ne suka janye yaransu. Masu cewa jifa ne suka fara kallon juna. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu rage murya su ce ciwon zamani, su ƙara da cewa dama wannan zuwa Abuja da ake yi akwai lauje cikin naɗi. Na tsaya a tsakar gida na wanke su tas, amma bakin mutum ba ƙofa ba ne balle ka sa masa kwaɗo.

Likitan fata, Dokta Benson, shi ya yanki ɗan ƙaramin wuri a cinyarta ya aika babban asibiti a gwada. Ni na raka ta karɓar sakamako, don Shekari yana bakin aiki. Likitan ya faɗi sunan ciwon da Turanci, suna mai tsawo kamar layin mai, sannan ya sauko da shi inda za mu gane.

"Madam, ba kanjamau ba ne, ba kuma ya yaɗuwa. Ko cokali ɗaya kuka ci da ke ba mai ɗauka. Jikin mutum yana da masu gadinsa da ke yaƙar cuta. Naki sun ga mabiyiya, sun ɗauka baƙuwa ce, sun tashi yaƙi, garin haka suka afka wa fatarki. Cikin mata dubbai da ƙyar a samu ɗaya."

Vivian ta ce, "Dokta, don an haɗa shi a waje ne?"

"Ba zan ce miki haka ba. Na karanta labarin matan da suka samu ciki a ɗakinsu kuma ya same su. Ki sha ƙwayoyin nan yadda na rubuta, ki shafa wannan man. Zai lafa, amma ki sa rai zai iya tasowa in kin haihu. Kuma in kin sake ɗaukar ciki, yawanci yana dawowa."

Muka hau bas, muka tsallako gadar kogin Kaduna. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maman Joshua, kin ji ko? Jikina ma bai yarda nawa ba ne." Na ce mata ta daina wannan shirme, ba abin da likita ya ce ke nan ba. Ta gyaɗa kai, amma na san maganata ba ta shiga ba. Tausayinta ya kama ni.

Magani ya yi aiki. Ƙurajen suka bushe, suka bar tabo baƙi baƙi, Vivian ta samu barci. Sai ga uwar Shekari, Mama Martha, ta iso daga ƙauyensu na wajen Zonkwa tun haihuwa da saura. Mahaifiyar Vivian ta daɗe da rasuwa, don haka wankan jego ya faɗo kan uwar miji. Tsohuwar ba ta yarda da tukunyar gidanmu ba, tata ta ɗoro a kan bas, baƙa ƙirin, wadda ta yi wa 'ya'yanta mata da sauran surukanta wanka da ita. Mace ce 'yar ƙarama mai hannun noma, ba ta da yawan dariya. A shekarun nan duka ba ta taɓa zagin Vivian ba, amma kuma ba ta taɓa kwana a ɗakinta ba. Wannan karon ta shimfiɗa tabarma, ta ce ba inda za ta sai an yi arba'in.

Vivian ta haifi mace, 'yar mitsitsiya amma lafiyayya, suka sa mata Hope. Kuma kamar yadda likita ya faɗa, tun ba a sallame su ba ciwon ya taso, ya fi na da muni. Dokta Benson ya ƙara mata ƙwaya, sannan ya tsare ni da Shekari a baranda.

"Na san ku da wankan jego," in ji shi. "Abeg, wannan karon a bari. Ruwan zafi ya taɓa fatar nan, saluɓewa za ta yi kamar ta tumatir. Ƙwayar da take sha kuma tana rage wa jiki ƙarfin yaƙar cuta. In wurin ya ruɓe, gado za mu ba ta a nan, jaririya kuma ta koma madarar gwangwani. Ruwa mai ɗumi kaɗan, hannu kawai, ban da soso, ban da dukan ganye."

Shekari ya ce, "Yes sa, ba damuwa." Ni kuwa da na ga yadda yake sosa ƙeya na san da damuwa. Mutumin kirki ne, amma a gaban uwarsa bai fi ɗan firamare ba. Ya dawo gida ya tarar ta riga ta sa an sauke itace, ta tsinko ganye ta tara, tana 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce yana da aikin safe gobe.

Sai na shiga wurin Vivian. Tana zaune a bakin gado tana ba Hope nono, ta sa tsumma mai laushi tsakanin jikinta da na yarinyar.

"Wa zai gaya wa Mama, ke ko ni?"

"Ba mai gaya mata."

"Ban gane ba."

"Zan yi wankan, Maman Joshua."

Na zaci zazzaɓi ne ke magana. Na maimaita mata duk abin da likita ya ce, har da madarar gwangwani. Ta saurare ni har na gama.

"Ke kin yi, shi ya sa kike ganin ba komai ba ne," in ji ta. "Ni na hura wa kowa wuta a gidan nan. Cikin nan ba a ɗakina na same shi ba, a kan tebur aka sa mini, da fitila a kaina. Ko shaida ban iya bayarwa yadda take ba. Yanzu wanka ma a ce ban da ni? Me ya rage da na yi irin na sauran mata? Kuma kin ji abin da ya ce, ba lalle in sake ba. Fili ma babu wani."

"To in kin kwanta asibiti fa? Wa zai ba ta nono?"

Ta dubi yarinyar, idonta ya ciko. "Zan daure. Sau ɗaya kawai. Tsohuwar nan ta ɗauko tukunyarta tun daga ƙauye saboda ni. Ni fa, Maman Joshua."

Raina ya ɓaci, don na ga tana da gaskiya kuma ba ta da ita. Na fita na samu Mama Martha tana kankare tukunya da toka. Na durƙusa na gaishe ta, na kewaya, na kewaya, na ce likita ya hana ruwan zafi saboda ƙurajen da ke jikin mai jego.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Zafin ciki ne. Ruwan zafi ne maganinsa. Shi likitan ya taɓa haihuwa?"

"Mama, wannan ba irin wanda kika sani ba ne."

"'Yata, na wanke mata tun ba a haife ki ba. Macen da ba a gasa ba, sanyi ke shiga ƙashinta, ta tsufa tana kumburi. Kina so a ce na yi wa kowa, na bar matar Shekari?"

A nan na gane ba taurin kai kaɗai ba ne. Ita ma tana da abin da take so ta gyara, kuma ba ta san wata hanyar ba sai wannan. Ga shi ba ta taɓa ganin jikin ba, fuska kawai take gani, fuska kuwa sumul take. Na yi tunanin in ɓare mata komai, har da Abuja, amma sirrin ba nawa ba ne. Sai na ce to ni zan riƙa miƙo ruwa. Na cika bokiti biyu da ruwan famfo na kai banɗaki na ajiye a lungu, ban san ma me zan yi da su ba. A raina na ce in ta kama, sai in shure tukunyar, a yi duk wadda za a yi.

Da gari ya waye matan gida suka fito, kowacce da abin da ta ƙirƙira na yi a tsakar gida. Waɗanda suka janye yaransu a kwanakin baya su ne a gaba. Muka ciccibi tukunya ni da wata muka shigar, tururi ya cika wurin har ba ka ganin kwanon da aka kewaye banɗakin da shi. Vivian ta shigo da zani ɗaure a ƙirji da mayafi a kafaɗa, ta zauna a kan turmin da aka kifa. Na ja ƙofa.

Mama Martha ta tsoma damin ganye a ruwa, ta ɗaga, yana zuba yana hayaƙi. "Cire," in ji ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Vivian ta sauke mayafi, ta kwance zani, ta runtse ido, ta dafe gwiwoyinta.

Tsohuwar ta tsaya da ganye a sama. Ta dubi cikin, ta zagaya ta dubi bayan. Wasu ƙurajen sun fashe sun bar jan nama, wasu sun cika fam suna ƙyalli, tsakaninsu tabon na da. A hankali ta mayar da ganyen cikin tukunya.

"Yesu," in ji ta. "Da wannan kike yawo? Da wannan kika ɗauki cikin?"

"Ki yi kawai, Mama. Zan daure."

"Na ce me ya yi miki haka?"

Ban san ko tururin ne ko gajiya ba, Vivian ta fara magana, ido a rufe. Ta faɗi filin Gonin Gora, ta faɗi Abuja da allurai, ta faɗi karon da bai kama ba, ta faɗi abin da likita ya ce game da jikinta da mabiyiya. Ta ƙare da cewa, "'Yar kwalba ce, Mama. Shi ya sa jikina ya ƙi ta."

Mama Martha ta dubi ƙasa. Na san akwai abin da ke yi mata ciwo a ciki, ko filin ne, ko ɓoyon da ɗanta ya yi mata, don na ga muƙamuƙinta na motsi.

"Shekari zan gamu da shi," in ji ta daga baya. Sannan ta dubi Vivian. "Kwalbar ce ta yi naƙuda?"

"A'a, Mama."

"Ita ke ba ta nono?"

"A'a."

"To rufe mini baki." Ta juyo gare ni. "Ke mai dogon baki, wancan ruwan da kika ɓoye a lungu, kin zaci ban gani ba? Kawo."

Na miƙa mata. Ta ɗebi na tukunya kaɗan ta zuba a baho, ta bi shi da na famfo, ta yi ta sirkawa tana gwadawa da gwiwar hannu kamar za ta wanke jariri. Sannan ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta riƙa ɗiba da tafin hannu tana zuba wa Vivian a kafaɗa, ruwan na gangarowa da kansa. Inda ya fashe ba ta taɓa ba, sai dai ta hura masa iska da baki.

Vivian ta buɗe ido. Na zaci za ta ji sanyi a ranta, sai na ga fuskarta ta faɗi. Hawaye suka zubo mata.

"Shi ke nan ban yi ba," in ji ta a hankali. "Mama, ko kaɗan ne. Ko a ina ne."

"Kina da hankali kuwa?"

"Don Allah, Mama."

Na buɗe baki zan yi faɗa, tsohuwar ta ɗaga mini hannu. Ta miƙe ta fara duba jikin kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta ɗaga hannun dama, ta girgiza kai. Ta duba na hagu, ta duba ƙafafu, babu. Sai ta tattara gashin Vivian ta ɗaga sama. A ƙeya, ƙasan kitso, akwai wuri lafiyayye da bai fi faɗin tafin yaro ba.

Ta zaro ganye 'yan kaɗan daga tukunyar, ta yarfe su sosai, ta ba ni tsumma ta ce in tare ƙasan wurin kada ɗigo ya sauka. Na tare da hannu biyu, ina addu'a a zuci.

"Sunkuya, Maman Hope."

Ta ɗora mata a ƙeya, ta danna.

"Wayyo Allah na!" Vivian ta ƙwalla da dukan ƙarfinta.

A waje wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, har da masu buga bokiti. Vivian ta kifa kai a gwiwa tana kuka, kafaɗunta na girgiza, ta kamo hannun tsohuwar ta riƙe gam ta ƙi saki. Mama Martha ta bar mata hannun. Da ɗayan ta ci gaba da ɗibar ruwan ɗumi tana zuba mata a baya.